Sefa biyu, suna ɗaya: Yadda ake gane ƙasar da takardar kuɗi ta fito

Ɗan kasuwar da ya karɓi jaka goma ta sefa a Garwa ko Njamena ya nufi Maraɗi sayen kaya zai iya cin karo da abin da bai zata ba: mai shago ya ƙi karɓar kuɗin. Ba don jabu ba ne, a'a, sefa iri biyu ce.

Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ke fitarwa domin ƙasashe 8, ciki har da Nijar. Akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya, ta bankin BEAC da ke Yawunde, wadda ƙasashe 6 ke amfani da ita, ciki har da Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya a hukumance, sefa 655.957 kan Yuro ɗaya, amma kowace a yankinta kaɗai doka ta san da ita. Duk wanda ya tsallaka da ita sai ya bi ta wurin 'yan canji, su kuma su cire nasu.

Don haka abu na farko shi ne duba sunan bankin da ke rubuce da Faransanci. Idan ya ƙare da "Afrique de l'Ouest", ta Yamma ce. Idan "Afrique Centrale" ne, ta Tsakiya ce.

Sai harafin da ke kusa da lambar takardar. A sefar Yamma, H na Nijar ne, A na Kodebuwa, B na Benin, C na Burkina Faso, D na Mali, K na Senegal, S na Guinea-Bissau, T kuma na Togo. A takardun BEAC samfurin 2002, U na Kamaru ne, C na Chadi, A na Gabon, T na Kongo.

Nan ne ake yawan ruɗewa, domin C ɗin Burkina Faso ba C ɗin Chadi ba ne. Harafin yana nuna ƙasar da aka fitar da takardar dominta ne kawai, bai hana ta yawo a cikin yankinta ba. Mai K tana sayen hatsi a Damagaram kamar yadda mai H ke yi. Sunan bankin ne ke raba gardama, shi ya kamata mai karɓar kuɗi ya fara karantawa kafin ya sa su a aljihu.