ZAKKA DA BAIKO DA HADAYA A BAKIN KIRISTOCIN HAUSAWA NA ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watau kudancin Jihar Katsina, ƙasar noma ce wadda ta yi suna wajen auduga da dawa, daga baya kuma masara, musamman bayan kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970. A cikin karkararta akwai gidajen Maguzawa, waɗanda da yawa daga cikinsu suka musulunta, wasu kuwa suka karɓi addinin Kirista. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi kalmomi uku da waɗannan Kiristoci suke amfani da su idan suna maganar ba Allah wani abu, watau zakka da baiko da hadaya. Za a ga cewa kalmomin hawa-hawa suke: ta farko tana da ma'auni, ta biyu ba ta da shi, ta uku kuwa mai bayarwar ne kansa abin bayarwa.

2.0 Waiwaye

Kafin zuwan mishan, Bamaguje ya san yanka. Kamar yadda Joseph Greenberg ya bayyana a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano, akan yanka wa iskoki kaza ko akuya mai launin da kowane iska yake so, don neman damina mai albarka ko lafiyar gida. Wannan bayarwa ta ba-ni-in-ba-ka ce, ana zubar da jini domin a sami biyan bukata.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta sami ƙofa ta hanyar asibitocin kutare, irin na Babbar Ruga kusa da Katsina. A lokacin an riga an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Saboda haka mutanen karkara da harshensu suka ji saƙon, da kalmomin da suka riga suka sani. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, a 1976 kuma SIM ta danƙa mata ragamar ayyukanta. Ta ɓangaren Katolika, limaman Dominikan ne suka yi aiki a yankin, har aka kafa Dayosis ɗin Katsina a 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinsa na farko.

3.0 Zakka

Kalmar zakka Balarabiya ce, ta hanyar Musulunci ta shigo Hausa. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin ushiri, watau a fitar da dami ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar. Da Kiristoci suka tarar da umarnin ba da kashi ɗaya cikin goma a littafin Firistoci sura 27 da na Malakai sura 3, sai suka ari kalmar, domin lissafin ya zo daidai da wanda suke gani a gonakin maƙwabtansu.

Sai dai akwai bambanci. Zakkar Musulunci tana da nisabi, wanda bai kai shi ba babu wajibi a kansa, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade mutane iri takwas da ake ba. Zakkar Kirista ba ta da nisabi: mai dami goma ya fitar da ɗaya, mai ɗari ya fitar da goma. Majami'a ake kai ta, inda dattawan ikilisiya suke sarrafa ta wajen ciyar da fasto da masu bishara da taimakon gwauraye da marayu. Har ila yau ɗarikun ba su daidaita a kan hukuncinta ba. ECWA da makamantanta sun fi ƙarfafa ta, Katolika kuwa ta wajabta tallafa wa ikilisiya gwargwadon hali, ba tare da yanka wani kaso ba.

4.0 Baiko

Baiko kalma ce ta Hausa tsantsa, daga tushen da ya haifi bayarwa da baiwa. A al'adar aure, baiko shi ne ranar da iyaye suka ba da 'yarsu ga manemi a gaban shaidu. A majami'a kuwa ana nufin abin da mutum ya saka a sujadar Lahadi da son ransa. Ma'anonin biyu sun haɗu a wuri guda, domin kowannensu kyauta ce da ake yi a bainar jama'a, kuma mai mutunci ba ya karɓe ta.

Babban lokacin baiko shi ne godiyar kaka, sa'ad da ake shigo da damman dawa da buhunan masara da kaji da awaki cikin majami'a, Zumuntar Mata tana rera waƙa. Wanda ba shi da hatsi yakan ba da ƙarfinsa a gayyar gonar ikilisiya ko kwaɓin ƙasar gini. Labarin da masu wa'azi suka fi kafa hujja da shi shi ne na gwauruwar da ke cikin Markus sura 12, wadda ta saka 'yan kuɗi biyu marasa daraja, amma Yesu Almasihu ya fifita ta a kan attajirai, domin iyakar abin hannunta ke nan. Darasin da ake cirowa shi ne, da abin da ya rage a rumbu ake auna baiko. Ga manomin da ya san watan Agusta yana tafe, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, wannan magana tana da nauyi ƙwarai.

5.0 Hadaya

Musulmi sun san hadaya da ma'anar dabbar da mahajjaci yake yankawa a Mina. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta ɗauki kalmar don yanke-yanken Isra'ilawa, da kuma labarin Ibrahim da ɗansa a Farawa sura 22, wanda Kiristoci suke ɗauka Ishaku ne, akasarin malaman Musulunci kuwa suka ce Isma'ila. Amma bisa ga koyarwar wasiƙar Ibraniyawa, mutuwar Almasihu ta rufe ƙofar yanka sau ɗaya tak. A nan ne tuban Bamaguje ya fi tsanani, domin barin yankan tsafi yana nufin fita daga abin da ya ɗaure gandu wuri guda, wani lokaci har da fushin iyaye da 'yan'uwa.

Abin da ya maye gurbin dabba shi ne mutum kansa. Bulus, a Romawa sura 12, ya nemi masu bi su miƙa jikinsu da rayuwarsu ga Allah. Tarihin SIM ya ba da misali: cikin samari uku da suka iso Legas a 1893, Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida, duk a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Misali na kusa shi ne na masu bisharar EMS, ƙungiyar da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda sukan bar garinsu su zauna a ƙauye, suna noma abin da za su ci, baikon talakawa yana cike musu sauran.

6.0 Kammalawa

Abubuwa biyu sun gwada wannan fahimta. Na ɗaya shi ne wa'azin arziki da ya bazu daga birane tun shekarun 1980, mai kiran baiko iri da ake shukawa don a girbe ninki. Masu sukar wannan koyarwa suna ganin ta mai da bayarwa ciniki, watau ta koma ba-ni-in-ba-ka ɗin da aka baro a wurin tsafi. Na biyu shi ne ta'asar 'yan bindiga a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wadda ta fito fili da sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Ta hana Musulmi da Kirista zuwa gona, kuɗin fansa kuma ya cinye rumbuna. Manomin da ya fitar da daminsa a irin wannan shekara, zakkarsa ta riga ta zama hadaya, ko da kuwa lissafin ɗaya cikin goma bai sauya ba.