Jajayen Lambobin Birnin Turku

A birnin Turku na ƙasar Finlan akwai wani dogon bututun hayaƙi na tashar lantarki. Da zarar duhu ya shiga sai jajayen lambobi su bayyana a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55. Baƙo zai ɗauka talla ce. Alhali aikin fasaha ne na Mario Merz, mutumin Italiya da ya rasu a 2003, kuma tun 1994 yake nan. Siraran bututan gilashi aka lanƙwasa, aka ɗura musu iskar niyon, wadda ke yin ja in lantarki ya ratsa ta.

Ban da biyun farko, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce. Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, shi ya rubuta jerin a littafinsa na 1202, yana lissafin hayayyafar zomaye. Raba 55 da 34, za ka samu kusan 1.618, wato ma'aunin daidaito da Yuklid ya bayyana tun zamanin tsohuwar Girka. (Masu cewa da shi aka auna duk gine-ginen Girkawa sun zuzuta, hujjarsu ba ta da ƙwari.)

Amma kafin zancen zomaye, masana waƙa sun riga kowa. A Indiya, wajen shekarar 1150, malami Hemachandra ya ci karo da jerin nan yana ƙidaya karin waƙa. Wanda ya san aruli ba zai sha wuya ba, domin waƙar Hausa ma a kan gajeriyar gaɓa da doguwa take tafiya. Ɗauki kalmar "gida": "gi" gajeriya ce, bugu ɗaya, "da" doguwa ce, bugu biyu. To, ta hanya nawa za a cike gurbi mai bugu huɗu? Gajeru huɗu, ko dogaye biyu, ko doguwa ɗaya da gajeru biyu, ita doguwar a farko, a tsakiya ko a ƙarshe. Biyar ke nan. Mai bugu uku hanya uku, mai biyar hanya takwas.

A ganina nan armashin aikin Merz yake: lissafin da kunnen mawaƙi ya fara kamawa ne ya koma hasken da ido ke gani daga nesa, ba tare da ko harafi ɗaya ba.

Mai karatu, ɗauki biro ka gwada gurbi mai bugu shida. Idan ba ka samu 13 ba, sake ƙirgawa.