Kwalba ɗaya, yara goma: wa ke duba sabuwar ƙira kafin a ba ta takarda?

Ranar rigakafi a ƙaramin asibitin unguwarmu, nan arewacin garin Kaduna, benci yakan cika tun kafin ƙarfe tara. Ran da na raka ƙanwata da ɗanta mai wata tara, mun tarar da mata huɗu a gabanmu, kowace da katin yaro a hannu. Nas ta buɗe akwatin sanyi, ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba, ta ƙirga mu da ido, ta mayar da ita.

"Maman Abba, ku ɗan ƙara haƙuri. Ta ƙyanda ce, ta mutum goma. In na buɗe yanzu, rabi zubarwa zan yi."

"To Sista, in ba su zo ba fa?"

"Za su zo in sha Allahu. Ai da sauran safiya."

Ba mugunta ta yi mana ba. Rigakafin ƙyanda gari ne busasshe a cikin kwalba, sai an zuba masa ruwansa na musamman an kaɗa. Daga lokacin da aka haɗa shi, awa shida gare shi, ko zuwa tashi daga aikin ranar, duk wanda ya riga zuwa; abin da ya rage zubarwa ake yi. Haka na tarin fuka da ake yi wa jarirai, wanda kwalbarsa ta mutum 20 ce, haka na ciwon shawara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne ya zo, don asarar magani ta fi sauƙi a kan uwa ta koma gida ta ƙi dawowa. Amma wadda za a tambaya lissafin kwalabe a ƙarshen wata ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi.

Me ya sa ba a yi wa kowane yaro kwalbarsa ba? Kuɗi da firiji. Kwalba ɗaya mai ɗaukar goma ta fi goma masu ɗaukar ɗaya arha nesa ba kusa ba, ba ta kuma cin wuri. A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wurin da ke cikin firiji mai aiki da hasken rana dukiya ne.

Sai dai arhar tana da haɗarinta, kuma duk a marfin robar nan yake. Kowane zuƙo, allura ce ke huda shi ta shiga. A watan Janairun 1928, a garin Bundaberg na Ostareliya, an yi wa yara 21 allurar mashaƙo daga kwalbar da aka yi kwanaki ana zuƙa cikin zafi, ba ta kuma da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Yara 12 suka rasu. Irin wannan masifa ce ta sa ake ɗiga sinadarin kariya a yawancin kwalaben da ake zuƙa sau da yawa. A Masar kuwa sirinji ne ya yi ɓarnar: shekara da shekaru ana yi wa mutanen karkara allurar tsargiya da sirinjin gilas da ba a dafa shi yadda ya kamata, aka wayi gari ƙasar tana cikin waɗanda ciwon hanta nau'in C ya fi yi wa katutu a duniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sauya allura kaɗai ba ya wadatarwa. Ɗan jinin da ido ba ya gani yana komawa cikin sirinjin, in aka sake tsoma shi a kwalba, an raba wa duk wanda ke bayan layi.

Nan masu ƙirƙira suka samu abin yi. Marc Koska, wani Baturen Ingila, ya ƙera sirinjin da ake kira K1, wanda in an tura matsin sau ɗaya sai ya kulle, in aka ja da ƙarfi ya karye. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA suka fitar da matsaya ɗaya cewa a koma yin rigakafi da sirinjin da ke kashe kansa bayan aiki ɗaya. Shi ne wanda nas ɗinmu ta yage ledarsa a gabanmu, mai ɗaukar rabin mililita daidai, ta jefa shi a kwalin zubar da allurai bayan Abba ya tsala ihu. Ko zamanin korona an ga yadda sirinji ke sauya lissafin kwalba: ta kamfanin Pfizer da aka rubuta wa mutum biyar, a farkon 2021 aka mayar da ita ta shida, muddin aka yi amfani da sirinjin da ba ya rage ruwa a wuyansa.

Duk wanda ya ƙirƙiro irin wannan abu yana son ya ci moriyarsa shi kaɗai na wani lokaci. Hanyar ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira "patent" da Turanci. Ciniki ne tsakaninsa da hukuma: ya bayyana sirrin ƙirarsa dalla-dalla a rubuce, ita kuma ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko shigo da abin ba da izininsa ba har shekara 20 daga ranar da ya miƙa takardu. Bayan nan ta zama ta kowa. Kada allon kemis ya ruɗe ku: kalmar "patent" da ake rubutawa a shagunan magani na Kawo da Unguwar Dosa tsohon suna ne da muka gada daga Turawa na magungunan da ake sayarwa ba sai da takardar likita ba, babu abin da ya haɗa mai shagon da mallakar wata ƙirƙira.

A ce wani injiniya ya ƙera kwalba mai bawul a baki maimakon marfin roba, wadda sirinji na musamman ke shiga ya ɗaure, ya zuƙi awo ɗaya tak, in an zare shi bawul ya rufe, sirinjin kuma ya mutu. Ya kai ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, ko na Turai da ke Munich. Takardunsa kashi uku ne: bayani, zane, sai jerin abubuwan da yake cewa nasa ne. Wannan na ukun shi ne zuciyar al'amarin. Wanda ya taɓa sayen fili a Rigasa ko Mando ya san ba tsawon labarin yadda aka samu filin ke da muhimmanci ba, inda aka kafa duwatsun iyaka ne. Lauyan mai ƙirƙira yakan kafa nasa duwatsun can nesa, ya ce duk kwalba mai bawul da ke haɗuwa da sirinji tasa ce. Aikin jami'in tantancewa, wanda yawanci shi ma injiniya ne ko masanin kimiyya, shi ne ya duba ko an shiga gonar wani, ko an killace burtali.

Tambayarsa ta farko: sabo ne? Zai tono tsofaffin takardun mallaka na ƙasashe, mujallun likitoci, har littafin tallar kamfanoni. In ya samu takarda guda da ta riga ta bayyana duk abin da ke cikin da'awar, ko da a Japan aka buga ta shekara 40 da suka wuce ba a kuma taɓa ƙera abin ba, magana ta ƙare. Kwalba da sirinji kuwa gona ce da aka daɗe ana nomawa. Allurar da ke huda fata tana nan tun 1853, sirinjin roba na yarwa tun shekarun 1950, alƙalamin insulin na masu ciwon suga, wanda shi ma mazubi ne mai awo da yawa haɗe da allura, tun 1985.

Ta biyu ta fi tsauri, a nan ake shan gumi. Ko da babu wanda ya taɓa haɗa abubuwan wuri ɗaya, shin ƙwararren da ya san wannan sana'a zai iya tunanin haɗa su ba tare da wata hikima ta daban ba? Jami'in zai ce ga takardar wane mai bawul, ga ta wane mai sirinjin da ke kullewa, kowane ma'aikacin masana'anta zai iya aurar da su. Mai ƙirƙira sai ya amsa cewa bawul ɗin wancan yana barin iska ta shiga, nasa kuwa yana da wata 'yar fata da ke daidaita iskar ba tare da ƙwayar cuta ta bi ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna haka. Sai ya janyo duwatsunsa ciki, ya bar "duk kwalba mai bawul", ya tsaya a kan mai irin wannan fatar. Amsar farko da ofishin Amurka ke bayarwa galibi ƙi ne, kuma ba abin kunya ba ne, buɗe ciniki ne. Ana iya shekara biyu ko fiye ana kai gwauro ana kai mari.

Ta uku ba ta cika tsayar da kowa ba: ana iya ƙera abin a yi aiki da shi? Sannan bayanin ya isa wani ƙwararre ya bi shi ya ƙera ba tare da ya nemi mai shi ba?

Ku lura da abin da ba a tambaya. Ba a tambaya ko bawul ɗin zai jure zafin watan Afrilu a bayan babur, ko robar za ta narke cikin maganin, ko nas mai yara 60 a gabanta za ta iya sarrafa shi. Jami'in tantancewa ba ya gwada komai a jikin kowa. Takarda yake karantawa. Saboda haka in ɗan talla ya ɗaga muku kwali yana cewa kayansa na da takardar mallaka daga Amurka, abin da ya faɗa kawai shi ne wani ofis ya yarda ƙirar sabuwa ce. Lafiyarta da ingancinta, a nan ƙasar, aikin NAFDAC ne, ita ke yi wa magani da kayan asibiti rajista ta ba su lamba. Kayan da UNICEF ke saya don rigakafi kuma sai sun tsallake tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya.

To a Najeriya fa? Dokarmu ta 1970 ce, har yanzu ita ke aiki, kuma ta ambaci sharuɗɗan nan uku tun a sashenta na farko. Amma sashe na 4 ya ce magatakardan ofishin rajista, wanda ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, zai duba cikar takardu ne kawai: an cike fom, an haɗa bayani da zane, an biya kuɗi, ƙirƙira ɗaya ce a cikin buƙatar. Ba zai bincika ko abin sabo ne ba. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Wato kamar a ba ka takardar fili ba tare da safiyo ya je ya auna ba. Ran da rigima ta tashi, Babbar Kotun Tarayya ce za ta yi aikin da jami'in tantancewa ya yi a can, tana kuma iya soke takardar in aka nuna an riga ka.

A ganina wannan tsari yana cutar da ƙaramin mai ƙirƙira fiye da yadda yake taimakonsa, ko da yake ya fi sauri da arha. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko maƙerin Panteka da ya ƙera akwatin sanyin ɗaukar rigakafi, zai karɓi takardarsa ya sa a firam ya rataye, ya ci bashi ya sayi inji, sai daga baya lauyan wani kamfani ya fito da zanen da aka buga a Jamus tun kafin a haife shi. Binciken da hukuma ba ta yi ba, shi zai yi wa kansa tun kafin ya kashe sisi. Rumbunan takardun mallaka na duniya a buɗe suke kyauta a intanet, irin su Espacenet da Google Patents, da zanensu da komai. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa 'yan ƙasa wajen shirya takardu da miƙa su.

Akwai tarkon da mutanenmu ke yawan faɗawa, na ɗoki. Dokar tana ba wanda ya riga miƙa takarda ne, ba lallai wanda ya riga tunani ba. Abin da kuma ka riga ka nuna wa duniya ya daina zama sabo, ko da kai ka nuna shi da hannunka. Bidiyon da ka sa a Facebook kana bayanin yadda bawul ɗinka ke aiki zai iya zama hujjar da za a kayar da kai da ita. Sassaucin da dokar ta yi ɗan kaɗan ne: baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata shida kafin miƙa takarda. Bayan an samu kuma akwai kuɗin shekara-shekara, in aka daina biya takardar ta faɗi.

Takardar mallaka ba ta tsallake iyakar ƙasa. Ta Najeriya ba ta aiki a Maraɗi; ita Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai ofis a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashen ƙungiyar duka. Mai son kariya a ƙasashe da yawa yana iya farawa da buƙata ɗaya ta yarjejeniyar PCT, wadda Najeriya ta shiga a 2005, a yi masa binciken ƙasa da ƙasa, irin wanda Abuja ba ta yi. Wannan iyaka tana da wata fuska mai daɗi ga masu masana'anta: ƙirar da ba a yi wa rajista a nan ba, ko wadda shekarunta 20 suka cika, halal ce ga kowa ya ƙera. Sirinjan da ke kashe kansu na shekarun 1990 duk sun faɗa wannan sahu, zanensu na nan a buɗe. Abin da ya hana mu cika kasuwa da namu ba takarda ba ce. Kamfanin sirinji na Jubilee da aka buɗe a Akwa Ibom a 2017 bai kai shekara bakwai ba ya tsayar da aiki, yana kukan wahalar yanayin kasuwanci.

Mu dai ran nan sai wajen goma da rabi yara suka kai takwas, nas ta haɗa kwalbar. Na ga ta ɗauki biro ta rubuta lokaci a jikin takardar kwalbar kafin ta zuƙi na farko. Na tambaye ta wani ɗan da'ira mai murabba'i a ciki da na gani a marfin da ta cire.

"Wannan? Shi ke gaya mana ko zafi ya taɓa maganin. In na cikin ya yi duhu kamar na wajen, ba ma amfani da ita. In yana kan marfi, yau ce ranarta ta ƙarshe. In yana jikin takarda, kamar ta rigakafin nan mai cuta biyar, tana iya kwana 28 a firiji bayan an buɗe."

Wannan 'yar alama ma ƙirƙira ce da aka yi wa takardar mallaka, an fara manna ta a kwalaben maganin shan inna a 1996. Ƙarfe huɗu da rabi awa shidan za su cika. Yaro na tara ya zo muna ɗaure wa Abba goyo, na goma ban sani ba ko ya zo.