Yunwar rani da kudan zuma a ƙasar Cadawa

A ƙasashen Turai, irin su Faransa, sanyi yakan tsare kudan zuma cikin gidansa wata da watanni, shi ya sa mai kiwo ke bar masa kilo 15 zuwa 20 na zuma. A nan Cadawa, da karkarar Agye da Gazawa da Gidan Runji, ɗari bai kai haka ba. Abin da ke karya kudanmu shi ne rashin fure da rashin ruwa. Idan yunwa ta matsa masa, tashi yake gaba ɗaya, mai amya ya wayi gari amyarsa wayam.

Bayan an gama girbi haki ya bushe, kuda ba shi da madogara sai itatuwa. Magarya takan yi fure a ƙarshen damina, gawo ya bi baya a farkon rani, sannan mangwaro cikin ɗari. Saboda haka sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona a rene shi, wanda ya fara bazuwa daga jihar Maraɗi tun shekarar 1983, bai tsaya ga gyaran gona kaɗai ba. Wanda ya bar gawo ya bar wa kuda rumbu.

Amya mai rauni ba ta ɓuya: masu shiga da fita kaɗan ne, in an ɗaga ta kuma a ji ba nauyi. To, ga abin da ya kamata.

Da farko, ruwa. A aje kasko a inuwa kusa da amya, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don kada kuda ya nutse. Kada a bari ya ƙafe.

Na biyu, abinci. A dama sukari awo 2 cikin ruwa mai ɗumi awo 1, a bari ya huce. A ba su kaɗan-kaɗan da maraice, daga cikin amya; in an aje a waje, kudan wasu amyoyi da tururuwa za su yi masa wawa, har su afka wa mai raunin. Abin da ya yi tsami a zubar. Kada a ba su zumar kasuwa, domin tana iya kawo cuta. A rage faɗin ƙofar amya, tsaronta ya yi musu sauƙi.

Amma ƴan'uwa manoma, rigakafi ya fi magani. Yawancin raunin daga hannunmu yake, ranar ɗiban zuma: a ƙone kuda da wuta, a kwashe saƙa duka har da ta ƴaƴa. Hayaƙi ya isa, kuma a bar musu rabonsu. Tunda sukari da tsada, zumar da aka bari a amya ita ce mafi arahar abinci.

Muna fata ma'aikatan gandun daji da malaman yaƙi da jahilci su kai wannan bayani ƙauyuka kafin bazara ta tsananta.