Mai Kai Magana Tsakanin Injiniya da Mutanen Gari

A wurin gyaran babbar madatsar ruwa, ido yakan tafi kan katafila da tifofin ƙasa da injiniyoyi masu hular kwano. Ba a cika lura da wani mutum ba, wanda kayan aikinsa ba su wuce littafin rubutu da waya da lasifika a kan mota ba. A ofis ana kiransa jami'in hulɗa da jama'a. Shi ke ɗauko abin da injiniya ya sani ya kai wa mazauna gangaren ruwa, ya kuma kwaso damuwarsu ya mayar wa masu aiki.

Wanda ke son ganin nauyin wannan sana'a ya dubi Alau, madatsar da aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda, wadda ke shayar da Maiduguri. Ta yi ambaliya a 1994. A ranar 10 ga Satumba, 2024 kuwa, ruwa ya ɓalle cikin dare ya mamaye unguwannin Gwange da Fori, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Kwanaki kaɗan kafin nan an shaida wa jama'a cewa su kwantar da hankalinsu. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Kuɗi dai za su sayo siminti da rodi, amma duk wanda zai tsaya gaban waɗannan mutane ya ce "babu komai" sai ya yi da gaske. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Gwanin wannan aiki da injiniya yake fara yininsa, yana ta tambaya kamar ɗalibi, har sai ya fahimta da kansa. In an ce masa ruwa ya ƙaru da santimita kaza, ba zai kai wa kowa wannan ba. Sai ya tambaya: zai kai gindin gada? Zai shiga shinkafar fadamar Jere? Awa nawa tsakanin buɗe ƙofa da isowarsa gari?

Da la'asar yana kan tabarma a ƙofar gidan Bulama ko Lawan, ya cire takalmi, an gaisa an daɗe. Ba ya fara magana sai mai gari ya ba shi dama. A Borno, Hausa kaɗai ba ta isa. Dole a faɗa da Barbarci, wani wurin da Larabcin Shuwa. Mata kuma zamansu daban, kuma ni a ganina tawagar da ba ta da mace ta bar rabin gari a baya, domin su suka san inda ake ɗibar ruwa da ramin da yara ke wanka. Liman zai maimaita sanarwa bayan sallar Juma'a, rediyo ya buɗe layi a kira, jami'in kuma yana bin jita-jitar WhatsApp yana kashe ta tun kafin magariba.

Tambayoyin da ke jiransa ba masu daɗi ba ne. "Yallaɓai, bana za mu yi noman rani ko mu haƙura?" "Gonata da tifa ta bi ta ciki, wa zai biya?" Yawancinsu ba shi da ikon yanke hukunci a kai, kuma a nan ake gane ƙwararre. Sabon shiga sai ya yi alkawari don a rabu lafiya. Wanda ya daɗe zai rubuta sunan mai ƙorafi da kwanan wata a gabansa, ya ce, "Baba, ba ni da amsa yau, amma ranar Laraba zan dawo." Ranar Laraba kuma sai ya dawo, ko da amsar da ya samo daga ofis ita ce ba za a biya ba.