Yankari: Maƙwabtan Daji Ma Suna da Ta Cewa

Baƙon da ya je Yankari yakan dawo da labarin Wikki, ruwan nan garai-garai mai ɗumin digiri 31 rani da damina, da na biran da ke fizge leda a hannun mutum. Manomin da gonarsa ke bakin dajin kuwa labarinsa daban ne. Giwaye su ratso cikin dare, gari ya waye masarar da ta fara bunni tana kwance a tattake, wahalar shekara ta tafi a banza. Shi ke ɗaukar asarar, amma ba kasafai ake jin muryarsa ba idan an zauna shawara kan dajin.

Tun asali daga sama ake yanke hukunci. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe wannan daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Duk wannan sauyin hannu a manyan ofisoshi aka yi shi, nesa da Mainamaji da sauran ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Abin mamaki, ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu ga wata hanyar. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, ne ke da iko da kogin Matan Fada. Su ke hana kamun kifi a wurin har lokacin biki ya zo, kuma masunta suna bin dokar domin daga cikinsu ta fito, sun kuma san kifin da aka bari ya girma nasu ne. Da Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, wannan tsari na gargajiya yana cikin abin da ta yaba. Babu yawan 'yan sandan da zai tsare kogi kamar yadda masu shi ke tsare shi.

Ta fuskar kuɗi kuma, Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandun dajinta ga maƙwabta a 2005, ta mayar da shi kashi 10 a 2017. Da shi ake gina azuzuwa da asibitoci da kai ruwan sha, akwai kuma asusu daban na biyan diyyar ɓarnar namun daji.

Gaskiya ne an yi ƙoƙari a Yankari. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin jiha wajen sintiri, an kuma ɗauki 'yan ƙauyuka su riƙa sa ido kan zirga-zirgar giwaye. Abin a yaba ne. Sai dai ɗaukar mutum aiki daban, ba shi kujera a wurin yanke shawara daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: maharbi ya san hanyar da masu farautar sata ke bi, makiyayi ya san watan da ruwa ke ƙafewa har shanu su nufi kogin Gaji, mace mai itace ta san wanda ke ƙona gawayi. Wanda ake kallo a matsayin abin zargi ba zai buɗe baki ya faɗi waɗannan ba.

Akwai hatsari ɗaya da ya kamata a kiyaye, wato a kafa kwamiti a cika shi da 'yan siyasa da na hannun daman masu sarauta. Wakilci na gaskiya sai da manoma da makiyaya da mata da matasa, waɗanda ƙauyukansu suka zaɓa, suna ganin lissafin kuɗin ƙofa da idonsu.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da ta rubuta wannan a doka: kujerun maƙwabta a hukumar gudanarwa, kaso sananne daga kuɗin shiga, da diyyar gona kafin wata daminar ta zagayo.