Tseren Safari da Korona Ta Tsayar a 2020

Shekara 18 Kenya ta yi tana fafutukar mayar da tseren motoci na Safari cikin jadawalin gasar duniya. Rabonsa da shiga tun 2002, lokacin da Colin McRae ya lashe shi da motar Ford. An yi tseren gwaji a 2019, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta gamsu, aka tsayar da watan Yulin 2020. Sai ga korona. A watan Maris cutar ta ɓulla a ƙasar, gwamnatin Uhuru Kenyatta ta dakatar da jiragen fasinja na ƙasashen waje, ta kafa dokar hana fita da dare. Kafin ƙarshen Mayu an sanar da soke tseren.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa, wane haɗari ke tattare da mutum biyu a cikin mota a tsakiyar daji? Ai gasar Formula 1 ta dawo tun watan Yuli a Ostiriya. Amma ita a kewayayyen fili ake yin ta, rufe ƙofa kawai ya isa a hana jama'a shiga. Tseren hanyar burji ba shi da ƙofa. Yana ratsa ƙauyuka da gonaki da wuraren kiwo na ɗaruruwan kilomita, kuma babu ɗan sandan da zai hana makiyayi ko ɗan makaranta tsayawa a kan tudu ya ga mota ta wuce cikin ƙura. Ga kuma likitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya da jirgi mai saukar ungulu da dole a tanada a kowane zango, a daidai lokacin da asibitoci ke buƙatar kowane hannu.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne nisa. Manyan kamfanonin gasar uku, Toyota da Hyundai da M-Sport, duk a Turai sansanoninsu suke. Kayan gyara da tayoyi da motocin duba hanya ta ruwa ake turo su zuwa tashar Mombasa, tafiyar makonni, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Naivasha, inda aka shirya yin tseren. Wanda zai yi tsere a Yuli, tun Mayu zai ɗaure kaya. Saboda haka masu shirya tseren ba su da damar jira su ga yadda cutar za ta kaya. A ganina sun yi daidai, ko da yake daidai ɗin mai ɗaci ne.

Ba Kenya kaɗai abin ya shafa ba. An katse tseren Meziko ana tsaka da shi a Maris, aka soke na Ajantina da Fotugal da Finland da Birtaniya da Japan. Zagaye 7 kacal aka yi a shekarar. Sai dai a lura da waɗanda suka cike gurbin: Istoniya, wadda ta karɓi gasar karon farko a Satumba, da filin Monza na Italiya, inda Sébastien Ogier ya ɗauki kambunsa na 7 a Disamba. Duk wuraren da tirela za ta iya kaiwa daga gareji ne. Annobar ta tattara gasar da ake kira ta duniya ta mayar da ita ƙofar gidan masu ita, Afirka kuwa ta ƙara shekara guda a waje.

Direbobin Turai albashinsu suke jira, su dawo baɗi. Asarar gaske a bakin tafkin Naivasha ta sauka: masu otal da suka yi gyara da bashi, masu gasa nama a gefen titi, 'yan acaɓa, kanikawa, da matasan direbobin gida da suka sa ran manyan kamfanoni za su gan su. Kuma ta zo ne a shekarar da yawon buɗe ido, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje na Kenya, ya durƙushe.

Akwai kuma tsoron da mutanen Agadez suka san shi sarai. Tseren Dakar ya daɗe yana bi ta garinsu, har na 1997 sunansa Dakar-Agadez-Dakar. Da aka soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, sai ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka, daga can ya wuce Saudiyya a 2020, bai sake waiwayar Afirka ba. Gurbi a irin wannan jadawali kamar rumfar kasuwa ne, in ka bar shi wani ke shimfiɗa tabarmarsa.

Abin da ya ceci Safari shi ne gwamnati ta riƙe shi a matsayin aikin ƙasa, ba ta wargaza shirin ba bayan sokewar. Ga kuma suna da ya yi tun 1953, wanda masu gasar ke buƙata don su nuna cewa da gaske sun shiga kowace nahiya. A watan Yunin 2021 motoci suka tashi, jama'a suka yi cincirindo har hanyar Nairobi zuwa Naivasha ta cushe. Thierry Neuville ne ke kan gaba har ranar ƙarshe, sai ƙafar motarsa ta baya ta lalace, Ogier ya wuce ya lashe. Daga baya aka tsawaita yarjejeniyar tseren zuwa 2026.